Abin da Hannuna Ya Shayar

Talata, 21 ga Oktoba, da hantsi

Tunda bakina ya yi nauyi, kowa a gidan nan ya zama tafintana. In na fara cewa a miƙo min ruwa, kafin in kai ƙarshe an lulluɓa min bargo. To, alƙalami dai ba a ƙarasa masa magana, kuma hannun damana lafiyarsa ƙalau. Zan rubuta.

Ni ce Keziah, matar marigayi Titus, mai noman tumatir a Kadawa. Na rubuta haka ne domin kwanakin nan a gabana ake zancena kamar na tafi unguwa. "Ta ci abinci?" "Ta sha maganin?" Ga ni zaune, idona biyu.

Abin da ya same ni a gona watan jiya, ba zan rubuta sunansa ba. Likita ya faɗa, 'yata Emmanuella ta maimaita da Turanci, matan zumunta sun raɗa wa juna a ƙofar coci. Girman da ya samu ya ishe shi. Ƙafa ta dawo, tana ɗan ja, ina dogara sanda. Hannun hagu ne yake kwance a cinyata kamar baƙon da ya ƙi tafiya, ya kuma ƙi cin abinci.

Ba na zuwa ko'ina.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan azahar

Emmanuella ta zo daga Kano, inda take koyon aikin jinya, da wata waya mai faɗin faranti, wai tabilet. Ta ce mai gashin ƙashi na asibiti ya ce a samar wa yatsuna abin yi.

"Mommy, please, ki gwada. Wasa ne kawai. Finbol ake ce masa."

Na kawar da kai. Ni da jikoki, a miƙo min wasan yara? Ba ta kula ni ba, ta kunna abinta. Sai na ji ƙararrawa, tin-tin-tilin, ban san lokacin da na juyo ba.

Na san teburin nan. Ina 'yar ƙarama a Bukuru, babana yana goge kofuna a kulob ɗin ma'aikatan kuza, akwai irinsa a lungu kusa da taga. Tebur ne mai dogayen ƙafafu, an rufe shi da gilashi, ya ɗan karkato, ga hoton jirgin ƙasa a allonsa. A ja sifirin a saki, ƙwallon ƙarfe kamar ƙwayar boris ya haura sama, ya gangaro yana cin karo da ƙararrawa. Can ƙasa akwai 'yan hannuwa biyu, dama da hagu, da rami a tsakaninsu. Aikin mutum ya riƙa dukan ƙwallon da su, kada ya faɗa ramin. Turawan da suka rage lokacin su ke bugawa, da manyan akawu. Ni tsumman Baba nake riƙewa. Ranar da na ɗora yatsa a gilashin, ranƙwashi na sha.

Shi ne yau a cinyata, har da tabon fenti a hayaƙin jirgin. Emmanuella ta ce wasu mutane ne a ƙasashen waje suke bin tsofaffin injunan nan, su kwance su, su ɗauki hoton kowane ƙarfe, su naɗi kukan kowace ƙararrawa, su zuba a cikin waya don kada su ɓace. Ashe akwai masu tausayin tsohon inji a duniya.

Babban yatsan dama a gefen dama, na hagu a gefen hagu. Ita ta ɗaga min hagun ta ɗora. Ƙwallo uku ake ba mutum. Duk ukun ta hagu suka zurare, ɗan hannun teburin ko gezau bai yi ba.

Na ce ta bar min allon. Ta yi murmushi irin na ma'aikatan asibiti, na yi kamar ban gani ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da la'asar

Ta hagu. Ta hagu. Ta hagu.

Asabar, 25 ga Oktoba, da yamma

Ɗana Nathaniel ya bugo daga Jos. Ya san ba na iya katse shi yanzu, sai ya yi ta zuba.

"Mama, an gyara miki ɗaki. Gida za ki dawo. Na yi magana da Zaharaddini ɗan Malam, ya fahimta, zai karɓi gonar cikin mutunci."

Kafin in haɗa "wa ya aike ka", ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya kashe.

Bari in rubuta maganar gonar yadda take, tunda yara sun fara yi mata kwaskwarima. Ba tamu ba ce. Ta Malam Muhammadu Sani ce, Bafulatanin da ya zauna a gefen hanyar Bunkure tun ana haƙa kanal. Aro ya ba Titus, mu yi noman rani, in an kwashe shanunsa su shiga su ci abin da ya rage. Ranar da aka binne Titus, Malam ya zo da sandarsa a kafaɗa, ya tsaya daga bakin danga har aka gama addu'a. Sannan ya ce da ni a gaban mutane, "Muddin hannunki ne ke ba gonar nan ruwa, taki ce. Ba ɗana, ba jikana da zai karɓe ta." Ba takarda, ba sa hannu. Maganar dattijo ce kawai.

Tun daga ranar ina ɗaukar 'yan ƙwadago su yi min dashe, su yi min tsinka, amma ban ruwa ban taɓa barin wani ya yi ba. Da gonar na ƙarasa karatun Nathaniel, da ita Emmanuella take sa fararen kaya.

Yanzu idon Malam ya tafi, ɗansa Zaharaddini ke juya gonakin, yana kuma son ya haɗe tawa da tasa ya zuba alkama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma kada in ɗauki alhakinsa, yaro ne mai ladabi. Da ladabin zai karɓe ta.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan sujada

Mata uku daban-daban sun dafa ni yau sun ce, "Haƙuri, Mama, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Duk wanda ya san karin maganar nan a Kadawa ya adana ta ne domin ni. Na ce muku jinka zan ɗauka? Bututu zan ɗauka.

An yi min addu'a mai tsawo, na gode. Amma a ciki na ji ana roƙon Ubangiji ya ba ni zuciyar karɓar abin da ya zo. Wannan wurin ban ce amin ba.

Talata, 28 ga Oktoba, da safe

Saliha ta kawo min bututu ɗaya daga gona, a ɓoye cikin ƙwaryar nononta, rabinsa a waje. Yayar Zaharaddini ce, ƙawata kuma tun muna goyo. Ita ke shayar min da irin tumatir da na yafa a bayan ɗaki. Ta ce in ƙanenta ya tambaya, ita ba ta ga komai ba.

Ban ruwanmu ba na inji ba ne. Ruwan dam ɗin Tiga yana biyo kanal, ya shigo 'yar kwatar da ke kan gona, mu kuma mu ɗauke shi da baƙin bututun roba mai lanƙwasa, ya tsallake gaɓa ya zuba a fangali. Sai dai bututu ba ya sha da kansa. Ka tsoma baki ɗaya a ruwa, ka riƙe tsakiya da hannu ɗaya kana turawa kana janyowa, ɗaya tafin kuma yana kan bakin waje, buɗe, rufe, buɗe, rufe, daidai da tafiyar hannun. In ruwan ya hau, ka kwantar da shi. In fangalin ya cika ka matsa gaba, ka sake daga farko. Da, ina yi ina hira da na gonar maƙwabta.

Mun cika durom a tsakar gida. Dama ta tura, ta janyo. Hagu ya zauna a bakin bututun kamar ganye, iska tana fita ta ko'ina. Na juya, na ba hagu riƙo. Bututun ya faɗa durom.

Saliha ta tsamo shi ta miƙo min in sake. Shi ya sa nake sonta.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da rana

Na gano ana iya ɗan girgiza allon, ƙwallo ya kauce, kamar yadda Turawan nan ke bangazar teburin da cinya. Yau da na ga ya nufi hagu, na jijjiga shi da duk haushin da ke cikina. Fitilu suka mutu. Aka rubuta TILT da ja. Hannuwan biyu suka sake, har na daman da bai yi laifin komai ba, ina kallo ƙwallon ya gangara a hankali ya shige.

Na tuna. In haka ta faru a kulob, Baba yakan ce ƙasa-ƙasa, "Tebur ya yi fushi." Har fushin ma ba su manta ba, sun kwaso sun zuba a ciki.

Na yi dariya, daga nan ta juye kuka. Na yi kuka sosai, irin wanda ban yi a asibiti ba. Na rubuta ne don kada gobe in ce ban yi ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da la'asar

Saliha ta daɗe tana leƙen allon ta gefen mayafi, yau dai ta kasa haƙuri. Da sunan Nathaniel take kirana, Nata take ce masa.

"Maman Nata, tsakaninki da Allah, wannan ba caca ba ce?"

Na ɗauki lokaci, ita kuwa tana jira, ba ta ƙarasa min. Na ce, "Caca sa'a ce. Wannan in ya faɗi, ni na sake shi."

"To ba ni in gani."

Ta goge hannu a zane ta karɓa. Da ƙwallo ya taho sai ta rufe ido, ta danna duka biyun tana salati, ya bi ta tsakiya abinsa. Ta ce ai wannan ɗan maraƙi ne marar jin kira, ita da sanda ta saba. Ta sake, ta sake, har nonon da za ta kai kasuwa ya kusa kwana a gidana. Da za ta tafi ta ce kada in gaya wa kowa.

Mutum biyu ke nan a Kadawa da teburin Turawan kuza ya kunyata.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Ya motsa. Babban yatsan hagu ya danna, ɗan hannun teburin ya ɗaga. Ƙwallon ya riga ya wuce tuni, kamar mai zuwa biki bayan an wanke tukwane. Amma ya zo.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan azahar

Zaharaddini ya zo da kankana biyu. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa har ƙasa.

"Mama, ya ƙarfin jiki? Allah ya sa kaffara ce."

Muka gaisa, ya tambayi yara, ya yabi irin da ke bayan ɗaki. Sai da ya gama zagaye-zagayensa ya sauka.

"Mama, an ce nan da mako biyu za a saki ruwa a layinmu. Ƙasa ba ta jira. Ni ba korarki nake ba, wallahi. Duk shekara buhunki yana nan, har Jos zan aika miki."

Buhu. Ni da nake cika mota da kwanduna, za a riƙa aiko min da buhu kamar marainiya.

Na ce, "Kai ni wurin Malam."

"Mama, Baba ya tsufa, kada mu ɗaga masa hankali."

"Shi ya faɗa. Shi zai janye."

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ya san alƙawari kaya ne, kuma ba a kansa aka ɗora wannan ba. Ya ce jibi zai turo mai adaidaita.

Kankanar tana da zaƙi. Na sha, ban ga dalilin fushi da kankana ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da yamma

Mun samu Malam a kan buzu, a inuwar rumbu, yana jan carbi. Ya rame ƙwarai. Da ya ji takun sandata ya ce, "Matar Taitus ce? Tafiyarki ta canja, amma ke ce."

Zaharaddini ya yi bayani, bai rage ba bai ƙara ba. Saliha tana gefena tana zungurina da gwiwar hannu, wai in yi magana, in ambaci marayu, in ambaci zaman shekaru. Na ture gwiwar hannunta. Malam ya miƙo hannu ya ce in ba shi nawa. Na ba shi dama. Ya ce, "Ɗayan."

Ya juya shi, ya lalubi tafin, ya matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba kofaton saniya. Ya daɗe.

"Magana ɗaya na yi, ba ni da ta biyu. Hannu na ce. Ban ce hannu mai ƙarfi ba, ban kuma ce hannun ɗanki ba. Ranar da ruwa ya zo, daga fitowar rana har a rufe ƙofar kanal, duk fangalin da hannunki ya shayar naki ne har ƙarshen ranki. Inda bai kai ba, na Zaharaddini ne. Akwai wanda na zalunta?"

Zaharaddini ya ce babu. Ni ma na ce babu.

A hanya Saliha ta yi ta min faɗa. "Ke dai kin cika taurin kai! Da kin zubar da hawaye ko ɗigo ɗaya, wallahi duka zai bar miki. Na san ubana."

Na sani. Shi ya sa ban zubar ba. Ba bara na je yi ba.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da safe

Abin da ya faru da na tashi yau ba komai ba ne. Gefen hagu ne ya ɗan sake mutuwa, ya kuma wuce kafin shayi ya huce. Emmanuella ta bugo, na ce lafiya lau. Ba komai ba ne.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Na koyi wani abu da ban taɓa ganin Turawan nan sun yi ba, ko kuwa ina ƙarama ne ban lura ba. In ka danne yatsa ba ka ɗaga ba, ɗan hannun yana tsayawa a sama, ƙwallo ya gangaro ya kwanta a kwarinsa, lamo. Ba gudu, ba ƙararrawa. Sai ka numfasa, ka duba inda kake so, sannan ka saki ka buga.

Da dama abin wasa ne. Da hagu kuwa, dannewar ita ce aikin. Yatsan yana rawa, gumi yana keto min har gadon baya. Yau ya riƙe. Na ce masa, "Riƙe, malalaci, shekara nawa ina ciyar da kai?" Ya riƙe, na saki, ya buga, ƙwallon ya haura har can saman jirgi, tarago ɗaya ya kama wuta.

Na yi guɗa. Ba ta fita daidai ba, kajin gidan nan sun watse. Ko a jikina.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da la'asar

Ruwa ya hau bututu a durom! Ya jiƙe min zane sharkaf, ya jiƙe Saliha, ta ce ita alwalarta ma ta samu. Na sake gwadawa har hannu ya mutu, bai ƙara hawa ba. Sau ɗaya dai ya hau, kuma mu biyu muka gani.

Ba na zuwa ko'ina.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da yamma

Nathaniel ya iso da motar abokinsa. Ina bayan ɗaki wurin iri, kafin in shigo ya riga ya ninke zannuwana ya zuba a jaka. Na zauna a bakin gado, yana sawa ina fitarwa da hannu ɗaya. Ya ga allon a kan filo, ya ɗaga shi da yatsa biyu.

"Wannan ne ya ruɗe ki? Game, Mama? Kina ganin don kin buga ƙwallo a waya za ki iya wuni a rana kina ja da ruwa?"

Na ci gaba da fitar da zannuwana.

"Emmanuella ta ce in ciwon ya sake dawowa, ba lalle ki tashi ba. Tumatir ya fi ranki ne?"

Sai ya ambaci abin da ba ma ambata a gidan nan. Ya ce shi ya ɗauko ubansa daga gonar nan a kafaɗa, yana ɗan sakandare, kuma ba zai ɗauko mutum na biyu ba. Ya fita ya zauna a mota.

Ina da amsa, bakina ne bai kai ba. Ga ta nan. Ɗana, na san abin da ka ɗauka, ina bayanka ranar, da takalmansa a hannuna. Amma a ɗakin da ka gyara min, me zan zama? Tsohuwar da ake juyawa a ba ta koko, a tambayi matarka ko ta ci abinci. A nan, ko mai kwandon da ya zo daga Legas ya san sunana. Tsoro nake ji, ƙwarai kuwa. Na fi tsoron ɗakin.

Na dafa masa gwate da hannu ɗaya. Ya ci, bai ce ya yi gishiri ba, alhali ya yi.

Talata, 18 ga Nuwamba, da rana

Jakar tana but ɗin mota. Ni ina nan.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da la'asar

Mai kula da ƙofar kanal ya aiko, gobe ne.

Taragun jirgin duk na kunna su yau, saura na ƙarshe. Sau ɗaya tak na taɓa jin jirgin nan ya yi kuka a kulob, ranar da wani Bature mai jan gemu ya kunna su duka, ya saya wa kowa lemo har da ni. Na ƙarshen yana can lungun dama, ba a samunsa sai da bugun hagu mai ƙarfi. Na auna, na buga, ƙwallon ya hau rabin hanya ya dawo. Na sake, ya dawo. Har batir ya mutu.

Ya jira ni, ba inda jirgin zai je. Saliha ta kai bututaina gona, ta jera su a gaɓa.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, bayan magariba

Jikina duk ciwo yake, amma sai na rubuta wannan kafin wani ya ba da labarin yadda ya ga dama.

Rana na fitowa ruwan ya iso, ja, yana tura ciyayi a gaba. An kawo Malam a babur, aka shimfiɗa masa buzu a gindin darbejiyar da ke tsakiyar gona. Ya ce shi da kunne zai yi kallo. Zaharaddini yana tsaye da hannu a baya. Nathaniel ya zo da takalmin ofis, ya tsaya nesa.

Na durƙusa a gaɓa, na ajiye sanda. Tura, janyo, buɗe, rufe. Iska. Na sake. Iska. Manoman gefe suka bar aikinsu suna kallo, wani ya ce "Allah sarki", na ji kamar in jefe shi da hoge. Rana ta ɗaga sosai kafin bututun farko ya yi wannan tarin nasa, ruwa ya kwanta a fangali. Malam ya ce daga inda yake, "Ya kama."

Daga nan na bi gaɓa, fangali bayan fangali. Wani ya kama da wuri, wani sai na yi kamar zan suma. In tafin ya gaji sai in danne shi kawai, in numfasa, in jira, sannan in ci gaba. Na faɗi a laka sau ɗaya. Saliha ta yunƙuro, na harare ta, ta koma. Azahar ta yi ban kai darbejiya ba, darbejiya kuwa rabin gona ce. Na san lissafin, kowa ma ya sani.

Ina ɗagowa in share gumi, sai na hango ƙyalli a can bayan bishiyar. Ruwa ne, yana malala a fangalin da ƙafata ba ta taka ba. Ga bututu a kwance a gaɓa yana zuba, ga Nathaniel kusa da shi, wandonsa jiƙe har gwiwa, ya harɗe hannu kamar mai jiran mota. Ashe bai manta abin da ubansa ya koya masa ba.

Na dubi Zaharaddini. Ya juya baya, wai yana duba wayarsa. Na dubi Saliha, ta ɗaga kai tana ƙirga balbelu. Manoman gefe kowa ya sunkuya kan aikinsa. Malam ba ya gani. Duk sun yarda, ba wanda ya yi shawara da wani, za su ba ni gonar sadaka in tafi ina cewa ni na ci.

Ban san irin wannan fushin yana nan a jikina ba. Na ɗauki sanda, na ja ƙafa, na bi gaɓa har can. Nathaniel ya tare ni yana raɗa.

"Mama, don Allah. Ki bari. Ba wanda ya gani."

"Ni na gani."

Na fizge bututun, na yi jifa da shi cikin kwata. Na juya wajen bishiya na ɗaga murya, yadda ta fita haka ta fita: "Malam! Na bayan darbejiya ba nawa ba ne!"

Malam ya juyo da kunnensa wajena. Ya ce, "Na ji kukan bututu biyu, na ce bari in ji ta bakinki."

Nathaniel ya tsuguna a laka da takalminsa na ofis, ya rufe fuska. Na so in dafa shi. Rana tana tafiya, sai na koma inda na tsaya.

Da la'asar aka rufe ƙofa, ruwan ya janye. Fangali biyu suka rage min in kai bishiyar. Zaharaddini ya kafa turke a inda laimar ta tsaya, ya ce, "Mama, ki yafe ni." Na ce bai yi min komai ba, ya dai kula da gaɓar can ta gabas, tana yoyo. Abin da ya rage min bai kai rabi ba. Ba zai cika mota ba. Nawa ne.

Nathaniel bai yi min magana ba tun daga gona. Amma ɗazu na ji shi a waya yana ce wa matarsa sai an gama dashe zai dawo.

Saliha ta biyo ni gida, ta dafa ruwa, tana gasa min kafaɗa tana mita, wai ba ta taɓa ganin wanda aka ba gona ya jefar a kwata ba. Can sai ta tsaya da tsumman a hannu.

"Maman Nata, da wane hannu kika fizge bututun nan?"

Na ce ban sani ba, ina cikin fushi.

"Sandarki tana dama. Har kika dawo ba ki ajiye ta ba."

Na buɗe tafin. Bakin roban ya yanke ni daga gindin babban yatsa har tsakiya, laka ta bushe a ciki. Saliha ta ɗiga ruwan ɗumi a kai, na yi ƙara na janye.

Zafi yake yi. Zafi sosai.